In Batir Ya Tsufa, Wa Ke Da Ikon Rage Wa Waya Sauri?

 

Hirarmu ta yau a kan wayar salula ce, da batirin da ke cikinta. Yau waya ta shiga aljihun kowa. Da ita ake jin farashin gero da wake kafin a ɗora buhu a amalanke. Da ita ɗan ci-rani ke aiko da kuɗi gida. Da ita ake kiran mota in haihuwa ta zo da gardama. To, abin da ya zama haka, ya kamata mai shi ya san halinsa.

Akwai kukan da muke yawan ji. Mutum ya ce: lokacin da na sayi wayar nan kamar walƙiya take, yanzu kuwa in na taɓa ta sai ta yi ta tunani kafin ta amsa. Wani ya ce ai masu ƙera ta ne ke kashe mata jiki da gangan, don a sayi sabuwa. Wani ya ce wannan zargi ne kawai na zaman majalisa. Za mu ba ku labarin wata shari'a da aka yi a Amurka da Turai a kan wannan magana. Amma kafin nan, sai mun san yadda batir yake tsufa, in ba haka ba labarin ba zai shiga kunne ba.

Batirin waya ba irin na tocila ko na rediyo ba ne, wanda in ya ƙare a jefar. Ana cika shi, ya ƙare, a sake cika shi. A cikinsa akwai wani sinadari, sunansa litiyom. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fara sayar da irin wannan batir a shekarar 1991. Duk lokacin da aka cika shi aka juye, wani ɗan abu yana lalacewa a cikinsa, wanda ido ba ya gani. Ba a iya hana wannan. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ku ɗauki batir kamar tulu. In tulun nan ya tsufa, abu biyu ke samunsa. Na farko, cikinsa yana raguwa, ba ya ɗaukar ruwa kamar da. Wannan kowa ya san shi: wayar da ke wuni biyu da caji ɗaya ta koma kafin la'asar ta mutu. Na biyu shi ne wanda mutane ba su sani ba, kuma shi ne tushen zancenmu. Bakin tulun yana tsukewa. Ruwa na ciki, amma ba ya fitowa da yawa a lokaci guda. In kurɓa ɗaya kake so, za ka samu. In kuwa ka ce a cika maka ƙwarya yanzu-yanzu, tulun ya kasa.

A cikin waya akwai wani ɗan ƙaramin abu, bai kai farcen babban yatsa ba, shi ne ƙwaƙwalwarta. Shi ke yin lissafin komai. Wani lokaci wuta kaɗan yake sha. Wani lokaci kuma, kamar in an buɗe abin ɗaukar hoto ko ana kallon bidiyo, sai ya nemi wuta mai yawa farat ɗaya. In batir sabo ne, ya ba shi. In tsoho ne, ƙarfin wutar sai ya faɗi ƙasa. Waya kuwa an ƙera ta ne ta kare kanta: da ta ji wuta ta yi ƙasa ƙwarai, sai ta ɗauke. Mai ita ya duba ya ga saura kashi 30 ko 40 cikin 100 na caji, amma ga waya ta mutu a hannunsa. Sanyi mai tsanani yana ƙara tsuke bakin tulun nan. Shi ya sa abin ya fi damun mutanen ƙasashen da ƙanƙara ke zuba.

Yanzu ga labarin.

Kamfanin Apple yana ƙasar Amurka, a jihar Kalifoniya. Shi ke yin wayar da ake kira iPhone. A ƙarshen shekarar 2016, mutane da yawa masu iPhone 6 da 6s suka yi ta kuka, wayoyinsu na mutuwa haka kawai da sauran caji. A ƙasar Sin har ƙungiyar kare masu saye ta nemi kamfanin ya yi bayani. A watan Janairu na 2017 sai Apple ya aika wa wayoyin da sabuwar manhaja ta intanet. Manhaja ita ce umurnin da ke cikin waya, wanda ke gaya mata yadda za ta yi aiki. Mutane suka karɓa, kamar yadda suka saba. Mutuwar waya ta ragu sosai. Kamfanin da kansa ya ce a iPhone 6s ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100.

Ta yaya aka yi? Manhajar tana auna batir. In ta ga ya tsufa, sai ta ja wa ƙwaƙwalwar waya linzami, ta hana ta neman wuta mai yawa a lokaci guda. Waya ta daina mutuwa, amma ta zama mai nawa. Abin da ake buɗewa ya daɗe bai buɗe ba. Hasken fuskar waya ya ragu. Sautin lasifika ya yi ƙasa. In abin ya yi tsanani, har fitilar ɗaukar hoto takan ƙi kamawa. Kiran waya dai yana tafiya yadda ya saba.

Wannan bayani da na yi muku yanzu, kamfanin bai yi wa masu wayoyin shi ba. Kusan shekara guda mutane na riƙe da waya mai sanyin jiki, ba su san dalili ba.

A watan Disamba na 2017 wani mai iPhone ya sake wa wayarsa batir, sai ya ga ta dawo da gudunta kamar sabuwa. Ya ba da labari a intanet. Wani masani a ƙasar Kanada, sunansa John Poole, wanda aikinsa ke nan auna saurin wayoyi da kwamfutoci, ya tattara awon wayoyi masu ɗimbin yawa ya duba. Ya ga lallai tun daga zuwan manhajar nan waɗansu wayoyi suka rage gudu, waɗansunsu sun rasa kusan rabin saurinsu. Ya buga abin da ya gani. Bayan kwana biyu, ran 20 ga Disamba, Apple ya amsa cewa haka ne. Ran 28 ga wata ya nemi gafara. Ya ce bai yi don a sayi sabuwar waya ba, ya yi ne don kada tsohuwar ta riƙa mutuwa.

To jama'a, a nan ne ra'ayi ya rabu, kuma ina so mu yi wa kowane ɓangare adalci.

Masu ƙera waya suna da hujja, hujjar kuwa ba ta banza ba ce. Ku tuna da takarkari. In ya tsufa, mai hankali ba ya ɗora masa kayan da yake ɗauka yana ɗan shekara biyar. Yakan rage masa kaya, ya bar shi ya tafi a hankali, su isa kasuwa ko da rana ta yi. Wanda ya ce sai an yi gudun da, to, a tsakiyar hanya sa zai durƙushe. Wayar da ke nawa tana kira, tana aika saƙo, tana karɓar kuɗi. Wayar da ta mutu ba ta yin ko ɗaya. Mutumin da ke daji da dare, mashin ɗinsa ya lalace, ba ruwansa da saurin buɗe hoto. So yake ya kira ɗan'uwansa wayar ba ta ɗauke ba. In a kan wannan ne kaɗai, ni ban ga laifin dabarar ba. Dabara ce mai kyau, ta ma ƙara wa tsohuwar waya kwana.

Amma san nan na wane ne? Na wanda ya biya kuɗinsa ne. A ce ka sayi sa a kasuwa, ka kai gida. Bayan shekara biyu wanda ya sayar maka ya lallaɓo da dare, ya shiga garkenka, ya ɗaure wa san dabaibayi marar ganuwa, ya fita bai ce maka komai ba. Da safe ka ga sa ba ya sauri. Ka ce wayyo, sa ya ƙare. Ka koma wurin mutumin nan ka sayi wani da tsada. Alhali da ya gaya maka gaskiya, magani kaɗan san ke bukata ya miƙe. Ko da niyyarsa ta alheri ce, ko da dabaibayin ya hana san faɗawa rami, wa ya ci ribar shirun da ya yi? Shi ne.

Mu sa lissafi, don lissafi ba ya son kai. A lokacin, sake batirin iPhone a wurin kamfanin dala 79 ne. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A kuɗinmu na sefa wajen jaka 44 ke nan a canjin wancan lokaci. Sabuwar iPhone 8 kuwa, wadda ta fito a 2017, daga dala 699 farashinta ya fara, wato kusan jaka 390. Mutumin da ya san batir ne ciwon, zai kashe jaka 44. Wanda bai sani ba, zai iya kashe jaka 390. Tsakanin sani da rashin sani akwai fiye da jaka 340, kuma duk aljihu ɗaya za su faɗa. Shi ya sa da kamfanin ya ce ba da wata manufa ya yi shiru ba, mutane da yawa suka ce biri ya yi kama da mutum.

Bayan neman gafara, Apple ya rage kuɗin sake batir daga dala 79 zuwa 29, har ƙarshen 2018. Mutane suka yi dafifi. A farkon 2019 shugaban kamfanin, Tim Cook, ya rubuta wa masu hannun jari cewa cinikin sababbin wayoyi ya ragu. Ya kawo dalilai da dama, a cikinsu har da arahar batirin nan. Ku lura da wannan da kyau. Da mutane suka gane batir ne, kuma suka same shi da sauƙi, da yawa suka riƙe tsofaffin wayoyinsu. Ashe wayoyin ba su ƙare ba.

Hukumomi ba su bar zancen a neman gafara ba. A watan Oktoba na 2018 hukumar kula da gasar ciniki ta ƙasar Italiya ta ci Apple tarar Yuro miliyan 10. A Faransa akwai doka tun 2015 wadda ta hana a ƙera kaya da niyyar ya lalace da wuri. Wata ƙungiya mai suna HOP ta kai ƙara. Aka yi bincike shekara biyu. A watan Fabrairu na 2020 Apple ya yarda ya biya Yuro miliyan 25, wato sefa miliyar 16 da ɗoriya, kuma aka sa shi ya manna sanarwa a shafinsa na Faransa wata guda cur. Ga abin da ya kamata ku riƙe: ba a kan rage saurin aka ci shi tara ba. An ci shi ne a kan ɓoyewa. Hukumar Faransa ta ce rashin gaya wa mai saye abin da ya kamata ya sani, shi ma yaudara ce a ciniki. Wato ba sai ka faɗi ƙarya ba. In ka yi shiru a inda ya wajaba ka yi magana, ka cuci mai saye. Dillalan kasuwar dabbobi ma sun san wannan hukunci, ko da ba su taɓa jin sunan Faransa ba.

A Amurka masu wayoyi suka haɗu suka yi ƙara. A 2020 kamfanin ya yarda ya biya har dala miliyan 500 a raba musu, ba tare da ya amsa laifi ba. A watan Nuwamba na wannan shekara ya sake yarda ya biya dala miliyan 113 ga jihohi fiye da 30. Kuɗin masu waya bai fara shiga hannunsu ba sai a Janairu na 2024, wajen dala 92 a kan kowace waya. Shekara bakwai ke nan daga ranar da aka aika manhajar. Da yawa daga wayoyin da aka yi shari'ar a kansu, kafin nan sun daɗe a kwandon shara.

Kada yawan miliyoyin nan ya ruɗe ku. A shekarar kasuwancinsa ta 2019 Apple ya ci ribar dala miliyar 55. In ka raba da kwanakin shekara, kowace rana wajen dala miliyan 150 ke nan. Tarar Faransa ba ta kai ribar rabin wuni ba. Abin da ya fi tarar amfani shi ne gyaran da aka yi a cikin wayar kanta.

A watan Maris na 2018 kamfanin ya aika wata manhaja. Daga nan mai iPhone yana iya buɗe wurin da aka rubuta lafiyar batir, ya ga lamba: kashi 100, kashi 90, kashi 78. In waya ta taɓa mutuwa don raunin batir har aka ja mata linzami, za ta rubuta masa haka. Kuma an ba shi zaɓi, ya bar linzamin ko ya cire. In ya cire, waya za ta yi gudu, amma tana iya mutuwa ba sallama. In ta sake mutuwa, linzamin ya koma, sai ya sake cirewa in yana so. Wannan shi ne daidai a ganina. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Direban da ke hanyar Agadas zai zaɓi wayar da ba ta mutuwa. Yaron da ke wasa da ita a gida kusa da abin caji zai zaɓi gudu. Injiniyan da ke Kalifoniya bai san wanne ne ke riƙe da wayar ba. Abin da aka yi a Maris na 2018, ba abin da ya hana a yi shi a Janairu na 2017.

Ba Apple kaɗai zancen ya shafa ba. A 2025 kamfanin Google ya aika wa waɗansu wayoyinsa, Pixel 4a da Pixel 6a, manhajar da ta rage yawan cajin da batir ke ɗauka, don gudun kada ya yi zafi ya kama wuta. Masu wayoyin da yawa sun ji haushi, don ba a ba su damar ƙi ba. Amma an yi sanarwa, kuma an yi musu tayin sabon batir kyauta ko ɗan kuɗi. A nan ni ba zan ce a bar wa mai waya zaɓi ba. Wayar da ke nawa mai ita kaɗai ta dama. Wadda ta kama wuta a ɗaki da dare ta shafi matarsa da ƴaƴansa da maƙwabta. In maganar gobara ce, a rage ƙarfin batir ko mai shi bai so ba, amma a gaya masa, kuma kamfani ya ɗauki nauyin gyara, tun da shi ya sa batirin.

Ƙasashen Tarayyar Turai sun ɗauki wata hanya kuma. Sun ce maimakon a yi ta gardama a kan linzami, a gyara batirin. Daga watan Yuni na 2025, wayar da za a shigar kasuwarsu dole batirinta ya jure cikawa da juyewa sau 800, kuma ya rage da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa. Dole kuma a ci gaba da samun kayan gyaranta shekara bakwai bayan an daina sayar da irinta. Ku tuna ƙananan wayoyinmu masu maɓalli: ka ɓalle murfin baya da farce, ka cire batir, ka sa wani. Manyan wayoyin zamani kuwa an manne batirinsu da gam a ciki, sai mai gyara ya sa zafi da kayan aiki kafin ya kai gare shi. Rabin wahalar daga nan ta fito.

Wani zai ce, mu da yawancinmu Tecno da Itel da Samsung muke riƙewa, ina ruwanmu da shari'ar iPhone? Da ruwanmu ta hanya biyu.

Ta farko, batirin duk iri ɗaya ne, na litiyom, kuma babban abokin gabansa zafi ne. Apple ya rubuta cewa wayarsa ta fi son zafin da bai wuce digiri 35 ba, abin da ya haura haka yana iya lalata batir lalatar da ba ta gyaruwa. A Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram, watan Afrilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40 a inuwa. Ke nan batirin da zai yi shekara uku a ƙasar sanyi, a wurinmu yana iya tsufa kafin haka. Kada a bar waya a gaban mota cikin rana. Kada a sa ta caji ƙarƙashin matashin kai. In ka kai ta wurin masu caji a kasuwa, ka duba kada a jibge ta da waɗansu a rumfar kwano inda iska ba ta shiga. In tana caji ka ji ta yi zafi a hannu, ka cire ta ta huce. Kuma ba dole ba ne sai ta mutu ƙurmus kafin a sa mata wuta. Wannan al'adar tsofaffin batura ce, na litiyom ba ya son ta.

Ta biyu, wayoyin da mutanen Turai da Amurka suka gama da su, da yawa kasuwanninmu suke ƙarewa. Ana goge su su yi ƙyalli, amma batirin da ke ciki ya riga ya sha aiki. In za ka sayi iPhone ta hannu, ka ce mai shago ya buɗe maka wurin lafiyar batir, ka karanta lambar da idonka. In ta yi ƙasa da 80, ka sani kuɗin sabon batir na jiranka, sai a rage maka shi a ciniki. Lambar ma kada ka dogara da ita ita kaɗai, don akwai masu yi mata dabara. Ka riƙe wayar ɗan lokaci, ka ɗauki bidiyo, ka ga yadda cajin ke sauka.

In kuma wayarka ta yi nawa, kada ka yi saurin yanke mata hukunci. Wani lokaci cikinta ne ya cika da hotuna da bidiyon da ake turowa ta WhatsApp, in ka share sai ta numfasa. Wani lokaci rezo ne ba ƙarfi, wayar lafiyarta lau. In ta kai shekara biyu ko uku, tana mutuwa da sauran caji, to, a fara tambayar kuɗin batir wurin mai gyaran da aka yarda da shi kafin a tambayi kuɗin sabuwa.

Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfin waya, wannan ba a jira da shi. A daina yi masa caji nan take. Kada a huda shi, kada a danne shi wai ya koma. Kada a jefa shi a murhu ko a juji inda ake ƙona shara, kada a bar wa yara su yi wasa da shi. A sa shi a gwangwani da yashi, nesa da zana da kara, har a kai wa mai gyara.

A nan za mu dakata. Malaman aji, in an haɗu gobe, a rubuta lambobin nan a allo, 100 da 80 da 35, ɗalibai su faɗi abin da kowace ke nufi a batir. Wanda ke da waya ya kawo ta a duba tare.